Na Buɗe Ƙofa a Rauta, Yayana Bai Shigo Ba

Malam Ibrahim, don Allah ka taimake ni, kuma kada ka yi dariya. Shekaruna sun haura arba'in, ina da mata da 'ya'ya, amma abin da ya kawo ni filinka wasan gem ne.

Ni da yayana Almustapha a Yelwa aka haife mu. Mu 'yan gidanmu ba mu iya hira hannu ba komai ba. Muna yara, sai mun zauna ɗinkin koma a bakin ruwa bakinmu ke buɗewa. Da muka tasa, gidan gem na bayan kasuwa ya maye gurbin komar: janareto na ta ƙara, muna buga ƙwallo a talabijin, yana cinye ni yana ba ni labarin duk abin da ke ransa. Ina kewar lokacin nan ƙwarai.

Yanzu yana aiki a Fatakwal. In na kira shi a waya, daga ya gida ya aiki sai a gaida Inna, shi ke nan. Amma ranar Juma'a bayan la'asar mukan haɗu ta intanet mu buga. Da matarsa ta rasu bara, bai ce da kowa komai ba. A tsakiyar wasa ya gaya mini har yanzu kofi biyu yake ɗaukowa in zai haɗa shayi.

Rautar gidanmu, wato na'urar da ke raba mana intanet, mai sim ce, kuma ba ta samun sabis sai a tagar ɗakin maiɗakina Rahamatu, can ƙuryar gida. Ta gaji da ihuna, ni ma na ji kunyar zama a ɗakinta kamar ɗan yaye, sai na mayar da gem ɗin shagon marigayi Baba da ke bakin ƙofa. Na sayo adafta guda biyu, irin waɗanda ke tura intanet ta cikin wayar wutar gida. Tun daga ranar ba mu sake haɗuwa ba. Gem ɗin yana hawa intanet, amma sai ya ce NAT ɗina a tsuke yake, wato hanyar da wani ɗan wasa zai bi ya haɗu da ni ba ta buɗe sosai ba. Na shiga rauta na buɗe ƙofofin da ake cewa a buɗe, wato fot fowadin. Ya yi kamar zai yi, da aka ɗauke wuta muka juya kan sola, komai ya koma yadda yake.

Nasiru mai gyaran wuta ya ce wayoyin gidan sun tsufa, a huda bangon shagon a ja kebul kawai. Na kusa korarsa. Baba makanikin injin jirgin ruwa ne, shi ya ja wayoyin nan da hannunsa, ina riƙe masa tsani. Bangon kuma har yau da tabon baƙin mai inda yake jingina.

Ban gaya wa Yaya komai ba, kullum sai in ce wani uzuri ya taso. Jiya ya rubuto mini wai kada in damu, ya san ina da hidima. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Yaya zan yi?

Naka,
Ɗan Bakin Ruwa, Yelwa

Ɗan Bakin Ruwa, ban yi dariya ba. Allah Ya jiƙan Baba da matar yayanka.

Kafin ka zargi wayar Baba, ɗauki gem ɗin ka kai shi kusa da rauta, ka haɗa su da gajeren kebul. In NAT ya buɗe a nan, matsalar tana wajen adafta. Ina kuma zarginka da abin da kowa ke yi: ka soka su a sitabilaiza ko a doguwar soket mai kariya don kada wuta ta ƙona su. Waɗannan suna shaƙe saƙon. A jikin bango kai tsaye ake soka su. Sannan ka duba ta shagon. In mai wayfay ce, wataƙila tana raba nata lambobin kamar wata rauta ta biyu, ka ga ƙofa biyu ke nan, kai kuwa ɗaya ka buɗe. Ka kashe mata wannan aikin a saitinta.

Batun ɗauke wuta kuma, duk sanda rauta ta mutu ta tashi tana iya ba gem ɗinka sabuwar lamba. Ƙofar da ka buɗe tana nan, amma tana kallon tsohuwar lambar, wadda mai yiwuwa yanzu wayar Rahamatu ke riƙe da ita. Ka ware wa gem lamba ɗaya ta dindindin a cikin rauta, sannan ka sake buɗe ƙofofin a kanta. Ka sa Nasiru ya duba ko shagon da ƙuryar suna kan layi ɗaya in an juya sola.

Nasiru bai yi ƙarya ba, kebul ya fi adafta aminci. Kai ma ba ka yi laifi ba da ka ƙi a taɓa bangon. Ana iya bi da kebul ta ƙarƙashin rufin kwano a shigo ta saman taga, ba a huda ko'ina ba.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfinka. Sau da yawa masu rauta ta sim suna tarayya da mutane da dama a adireshi ɗaya na waje, to ko me ka buɗe ba lallai ya yi aiki ba. Sai dai galibi in ɓangare ɗaya a buɗe yake sosai, mai tsukakken NAT yana iya haɗuwa da shi. Ma'ana yayanka zai iya gyara nasa daga Fatakwal, in ya san akwai abin gyarawa.

Shi a yanzu gani yake ka gaji da shi. Ka kira shi yau, kafin ka taɓa ko da soket ɗaya. Ka gaya masa duk wahalar da kake sha don ka same shi, ka roƙe shi ya buɗe rautarsa ku gyara tare. Kunyar faɗa ta minti ɗaya ce, shi kuwa mutum ne da ya rasa mata, bai kamata ya zauna yana zaton ya rasa ƙane ba.

Allah Ya haɗa ku ranar Juma'a, Ya bar zumunci. A gaida Inna.

Malam Ibrahim