Hannunki a Kujerar Ƙarshe

Ya hasken idona, sanyin ƙirjina, raɓar da ta sauka a zuciyar da ta daɗe a bushe, gaisuwa daga mutumin da kika hana sukuni tun ranar Asabar.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Kin tuna da rana tsaka, sa'ad da motar ƙungiyarmu ta kiɗan rege ta sauke mu a zauren da kike duba tikiti? Ni ne mai haɗa sauti, kuma daga teburina ba na sanin abin da ke isa saman bene. Na roƙe ki ki hau kujerar ƙarshe, ki ɗaga mini hannu idan jitar bes ta taɓa ƙirjinki. Kika hau. Zaure fayau, kujeru dubu babu kowa, sai ke da farin ɗankwalinki cikin hasken da ke zubowa ta tagar rufi. Wallahi aikin minti biyu ne! Amma da gangan na riƙa danne sautin, don kada ki ɗaga hannu ki sauko ki tafi. Dogo mai jitar bes ya kaɗa har yatsunsa suka ɗau zafi, ya harare ni ya ce, "Malam, kunnenka ne ya toshe yau, ko idonka ne ya buɗe?" Sai da aka yi rabin awa kunya ta kama ni, na saki sautin. Kika ɗaga hannu, ni kuwa na nemi numfashina na rasa.

Da yamma zaure ya cika maƙil. Dattijo, shugabanmu, ya fito da furfurar gashinsa har gadon baya, ya ɗauko waƙarsa ta baƙon da ke begen gida. Ganga na tafiya a hankali kamar bugun zuciyar mai barci, ƙahoni na amsawa, jama'a na rausaya kamar gero a iska. Shekara goma sha ɗaya ina jin waƙar nan, ban taɓa gane ta ba sai da na hango ki a bakin ƙofa kina buga ƙafa a ɓoye. Ashe gida zai iya zama mutum?

Ranar Lahadi kika zaga da ni garinku. Mun tsaya a kan gada muna kallon kwale-kwale na ratsa inuwarmu. Mun bi layin masu gyaran agogo, inda kowane agogo ke faɗin nasa lokacin. Kika nuna wani tsohon agogo da ke jan ƙafa, kika ce shi kika fi so don ba ya gaggawa, kina dariya ƙasa-ƙasa. Ya farin watana, ko dai kin gano ni tun ranar Asabar ɗin? Daga nan sai shagon ɗinkin Gwaggonki. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Au, kai ne ka girgiza mana tagogi jiya? To, zuciyar 'yata ba taga ba ce, ka bi a hankali."

Ga abin da ya sa na ɗau biro. Manajan zaurenku ya yi mini tayin aiki, don mai sautinsa zai huta. Ƙungiyarmu kuma za ta ƙetare teku, shekara guda cur. Dattijo ne ya koya mini riƙe wayar sauti, barinsa ba wasa ba ne, amma ya ce in zaɓa kafin Juma'a ta wuce. Da za mu bar garinku na tambaye ki a tasha ko in karɓi aikin, leɓɓanki suka motsa, ƙarar motoci ta haɗiye amsar. Ni da ke gane lalatacciyar waya cikin arba'in, na kasa jin kalma ɗaya tak! Ina amfanin wannan kunne?

Ranar Juma'a motarmu za ta tsaya awa guda a garinku, mu ɗauki lasifikar da muka bari a wajen gyara. Ƙarfe huɗu zan tsaya a teburin sautin nan na zaurenku, jakata a bakin ƙofa. Dogo ya yarda ya kaɗa sau ɗaya, ya kuma rantse zai karya mini yatsa in na sake danne sauti. Ba zan danne ba. Ki hau kujerar ƙarshe, ya sanyin raina. In kin bar hannunki a cinya, zan ɗau jakata in shiga mota, ba zan ga laifinki ba, sai dai a kowane zaure na duniya idona zai riƙa hawa bene yana nemanki. In kuwa kin ɗaga, ko da ɗan yatsa ne, motar ta tafi ba ni.

Naki har numfashin ƙarshe,
mai haɗa sautin da ya sace miki rabin awa, yake roƙon ki bar shi ya rama da sauran rayuwarsa.