Yaya Nafi'u, Bar Gonar Nan Ka Dawo Agege

Zuwa ga yayana Nafi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Mu ma nan lafiya lau, in ban da hankalinmu da yake a tashe saboda kai.

Ka tuna dariyar da muka yi maka da ka samu gurbin karatun noma a jami'a? Kai da aka haifa a bakin layin dogon Agege, ba ka san gero ba sai a kunu. Ka ce ai zamani ya canja, lacca a waya ake yi, sai jefi-jefi a je makaranta a haɗu da malamai. Haka kake zama a shagon Baba, goro a gabanka, waya a kunne, wata malama tana maka bayanin taki, motocin haya na danfo na ta hayaniya a titi. Mai sayayya sai ya daka maka tsawa da Yarbanci kafin ka ɗago kai.

Da aka zo aikin gona, aka ce kowa ya nemi wuri ya yi shuka, ya riƙa ɗaukar bidiyo duk mako yana turawa, malami ya duba daga ofis. Abokanka suka cika buhuna da ƙasa, suka shuka masara a bayan gida. Kai kuwa, da taurin kan nan naka, ka ce noman buhu wasan yara ne, ga gonar kakanmu can ƙauye a arewa tana zaman banza. Mama ta hana, ka yi ta lallashi har ta gaji ta ƙyale ka.

Da farko har alfahari nake yi. Ina nuna wa ƙawayena bidiyonka a tsakiyar gero, kana auna kara, kana zuba Turanci kamar wani farfesa.

Sai Kawu Isa ya fito daga ƙauyen zuwa birni cin kasuwa, ya kira Mama. Ya ce a yankin nan duk wanda aka gani yana ɗaga waya a daji, ɗan rahoto ake ɗaukarsa. 'Yan bindiga su ce wa sojoji yake yi wa aiki, mutanen gari su ce wa 'yan bindiga yake nuna hanya. Ya ce har an fara tambayar ɗan wane ne wannan ɗan Ikkon mai ɗaukar hoto. Shi ya kuma gaya mana abin da ka ɓoye, cewa babu sabis a ƙauyen, sai ka hau dutsen bayan gari kake tura bidiyon, kuma ta gindinsa 'yan bindigar suke wucewa da babura.

Tun ranar Mama ba ta iya cin abinci. Ni kuma da waya ta yi ƙara sai in ruga in duba. Ina jin tsoro, Yaya, tsoron da ban taɓa ji ba.

Na nemo shugaban ajinku, ya yi wa malaminku bayani. Bawan Allah, shi malamin ganye kawai yake dubawa, bai san inda kake tsayawa ba. Ya ce ka daina nan take, za a ba ka fili a gonar makaranta, ba za ka rasa shekara ba. Ka ji? An yafe maka. Ka bar geron nan, Kawu zai girbe.

Na tura maka wannan labarin ta waya ya fi a ƙirga, ko ɗaya bai shiga ba. Kullum ina addu'a ya shiga, sai kuma in tuna inda za ka tsaya kafin ya shiga, in rasa wace addu'ar zan yi. Idan kana karanta wannan, a kan dutsen kake. Kada ka tsaya ba ni amsa. Sa wayar a aljihu, ka sauka.

Allah Ya rufe idon mugu daga kanka, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka.

Ƙanwarka,
Rabi