Zobban da Auta ta Auna

Zuwa ga Maman yara,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Nan dai abin ba daɗi. Kin san ƙananan zobban ƙarfen da nake yankawa na na'urar ƙara ji, waɗanda ba su kai ƙwayar shinkafa ba? Ɗakin awo na kamfaninmu sun dawo da su, wai zagayensu ya ɗan baje. Manaja ya ce in aka sake awo ya fito haka, zan bar injina in koma ɗaure kwalaye. Ni, da furfurata. Wadda aka ba sake awon kuma Autarki ce, da ke aiki a ɗakin awon. Ko a gida ban roƙe ta komai ba, amma gaskiya tsoro nake ji. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki

Zuwa ga Maman yara,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan Inna ta fara cin abinci sosai.

Albishirinki. Ashe na'urar awon tana da ɗan maƙali da ke riƙe abu kada ya motsa, zobbana kuwa sirara ne kamar ɓawon albasa, riƙon ne ke matse su. Auta ce ta lura. Sai ta kwantar da su a kan gilashi ba riƙo, ta bar haske ya auna tsawo da faɗi da kauri. Ta taga na leƙa ta, tana sanye da farar rigarta ta aiki, ko numfashin kirki ba ta yi. Zagayen ya fito cif, injina yana nan.

Amma kada ki yi guɗa tukuna. 'Yar taki ta ware wasu da kaurinsu ya zarce da abin da bai kai silin gashi ba, ta kawo min da kanta gaban abokan aiki, ta ce bakin wuƙar injina ya cinye, in canza. Na duba, haka ne. Har yau ana min tsiya.

Wallahi ban taɓa jin daɗin a gyara min aiki ba sai ranar. Da yamma ta durƙusa ta yi min sannu da aiki kamar ba ita ba, ni kuwa na kau da kai don kada ta ga idona.

A gaida Inna da jiki. Ki huta lafiya.

Naki har kullum,
Baban Auta