Yarinyar da ke Bangon Falonmu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Kina shan maganin kuwa, ko kin ɗora shi saman firji kina jira ya sha kansa? Mu nan lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake, kuma baban yara ne sila.

Kin san aikinsa. Mutum ya shiga shagon hotonsa da ƙuraje, ya fito fuska sumul kamar bayan cokali. Ya zauna gaban kwamfuta ya rage kumatu, ya miƙe hanci, ya ƙara haske, amare suna ta sa masa albarka. Hannunsa ya saba har ba ya iya ganin fuska ya bar ta yadda Allah ya yi ta. To, ashe abin bai tsaya a shago ba.

Kin tuna hotunan 'yarmu 'Yar Baba da ke jere a bangon falonmu, waɗanda yake ɗauka duk shekara? Makon jiya makaranta ta nemi hoton katin jarrabawa, ya yi mata, ta kai. Malamar ajinsu ta dubi hoton, ta dubi yarinya, ta miƙo mata shi a gaban 'yan aji, ta ce ta je ta kawo nata, ba na yayarta ba. Yaya, ita ce 'yar fari a gidan nan, wace yaya gare ta? Aji ya kwashe da dariya.

Da ta dawo na karɓi hoton na duba da kyau. Ya toshe mata wushirya. Ya rage kumatun. Tabon goshinta na faɗowa daga keke babu shi, fata kuwa ya haska ta har ta fi ni fari. Na ɗaga kai na dubi na bango, duka haka suke.

Tun ranar yarinyar nan da dariyarta ke tashin maƙwabta ta koma rufe baki da hannu. Abinci sai ta juya cokali ta tashi. Jiya ina wanki na tsinci man bilicin a cikin safarta ta makaranta. Da na tsare ta ba ta yi gardama ba. Cewa ta yi Baba ya riga ya nuna mata yadda yake so ta zama, ƙoƙarin kamo waccan yarinyar take yi.

Na kai masa maganar, ya ce gyara ne kawai, kowa haka yake yi, kuma shi ba zai fitar da hoto ba gyara ya zubar da sunan shagonsa ba. Sunan shago, Yaya! Ita kuma ta rantse ba ta ƙara zama gaban kyamara, alhali ba hoto ba kati, ba kati ba jarrabawa. Ki ba ni shawara kafin in fasa kwamfutar nan.

Ki gaida mutan gidan duka.
Ƙanwarki, Auta

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Na ji daɗin jin ƙafa ta yi sauƙi, Allah ya ƙara lafiya. Na ga amsarki, kuma na yi yadda kika ce. Na zaunar da ita na gaya mata kyakkyawa ce. Ta ce ai dole in faɗi haka tunda ni na haife ta. Na nuna mata hotonki kina budurwa da irin kumatunta, ta ce lokacinku daban. Kin ji yaran yanzu.

Gwaggonta kuma ta zo taimako, ta ƙara dagula min lissafi. Ta tsaya tana kallonta daga sama har ƙasa, ta ce ai ba komai, da ta rage tumbi kaɗan ta riƙa rufe baki in za ta yi murmushi, shi ke nan. Har da alkawarin kawo mata shayin rage ƙiba. Na raka ta ƙofa tun ba ta gama shan ruwa ba, ta je ta faɗa wa duk wanda take so.

Wadda ta ɗan sanyaya min rai surukata ce. Na ba ta labari, ta sa tabarau ta bi hotunan bango ɗaya bayan ɗaya, sannan ta aika aka kira mata ɗanta daga shago. Ta buɗe baki ta nuna masa wushiryarta, ta tambaye shi tun yaushe haƙoran uwarsa suka zama abin kunya da yake toshe su a bakin jikarta. Ta ce da wannan wushiryar ta auri ubansa, ba wanda ya nemi a gyara ta. Ƙato da shi ya sunkuyar da kai yana murza hula.

Ya yi alkawarin ciro tsohon hoton 'Yar Baba a kwamfuta ya wanko ba tare da ya taɓa komai ba. Ya kawo na farko, wushirya ta dawo amma tabo ya tafi. Na mayar. Ya kawo na biyu, tabo ya dawo amma fata ta yi haske, wai wutar shago ce. Na mayar. Na uku kuwa kumatu ya shafta, yana rantsuwa bai san lokacin da hannunsa ya yi ba. Abin haushin, na yarda da shi. Mutumin nan yana son 'yarsa kamar ransa, amma gani yake so shi ne gyara.

Ita yarinyar tana kallon duk wannan kai-kawon. Siket ɗin makarantarta ya fara zamewa, da fil take riƙe shi. Shugabar makaranta ta ce ƙarshen makon nan za a rufe karɓar hotuna. Tsoro nake ji, Yaya, ba na jarrabawar kaɗai ba.

Ki sa mu a addu'a.
Taki, Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum, da fatan kowa lafiya. Gyara zama ki sha labari.

Ranar Laraba 'Yar Baba ta biya shago daga makaranta, uban ya fita ɗaukar hoton taro. Kin san ya koya mata aikin. Ta ciro hotonsa a kwamfuta ta zauna gyara shi. Ta dasa masa gashi a sanƙo, ta kwashe tumbin, ta fiƙe hancin, ta haska shi, ta wanko ta sa a firam, ta zo ta rataye a tsakiyar nata. Ni kaina da na gani na ɗauka wani baƙo ne.

Da ya dawo ya fara da dariya. Can dariyar ta tsaya, ya matsa kusa, ya shafa hancinsa, ya tambaye ta mene ne laifin hancin nasa. Ta ce ba shi da laifi, gyara ne kawai. Ya ce ai wannan ba shi ba ne. Ta ce ta sani, amma ya fi kyau a bango.

Yaya, abin da na yi ta ihu a kai bai ji ba, abin da uwarsa ta faɗa bai gama shiga ba, sai ga shi wannan ya zaunar da shi a hannun kujera. Da ya tashi, da kansa ya sauke firam ɗin nan duka. Ya ce mata ta yafe masa, shi bai taɓa ganin aibu a fuskarta ba. Ta ce to me yake gogewa? Ya juyo ya dube ni, ni kuma ban taimake shi ba.

Washegari muka tafi shago har da surukata. Sharaɗin yarinya shi ne ita za ta wanke hoton da hannunta, shi ya tsaya bakin ƙofa. Haka aka yi, yana leƙe yana cusa hannaye a aljihu. Malama ta karɓi hoton kati ba tambaya. Kafin mu bar shagon kuma uban ya ɗauke ta hoto ita da kakarta, tsohuwa ta yi mata cakulkuli, suka wage baki tare.

Kada ki ɗauka ta warke. Jiya rabin abincinta ta ci, kuma hannun nan yana zuwa baki in ta manta. Man bilicin dai ita ta miƙo min da kanta, kuma na kai ta wurin likita kan ramar.

Hoto ɗaya ne yanzu a bangon, wannan nata da kakarta. Ɗazu na tarar da shi tsaye gabansa, ya kira ni da sauri, wai in zo in gani, ashe kumatun 'yarsa na loɓawa in ta yi dariya. Shekara da shekaru yana goge wurin, wai ya ɗauka inuwa ce. Na dube shi, sai na ga yana share ido da hularsa.

Ki zo ki ga 'yarki, wannan karon ita ce da kanta.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta