Ramin da ke Fiƙar Atim

Lira, 4 ga Mayu

Baban Atim,

Gaisuwa mai yawa. Ya Jinja, ya aikin rake? Mu nan lafiya lau, sai ƙaraminmu Ebong da zawo ya kama kwana uku ke nan.

Jiya na kai Atim wurin likitar haƙori, domin sabuwar fiƙarta ta ƙasa ta fito wata iri. Ta ɗaya gefen fara ce sumul, da tsininta. Wannan kuwa guntuwa ce, ga rami ruwan ƙasa a gabanta, ga tsaga ta ratsa ta, har 'yan ajinsu na tsokanarta wai gara ta ci. Likitar ta dube ni ta ce, "Maman Atim, wa ya haƙe wa yarinyar nan dasashi tana jaririya?" Ta ce ƙarfen ya taɓa babban haƙorin da ke kwance a ƙasa, kuma tabon ba ya gogewa.

Shekara goma ina ce maka zazzaɓi ne ya kwantar da ita a asibiti. Ƙarya na yi maka. Ni na goya ta zuwa wurin tsohuwa Awor mai maganin gargajiya, ta sa wayar ƙafar keke ta tono mata abin da ake kira haƙoran ƙarya, wai su ke jawo wa jarirai zawo, jini ya ƙi tsayawa. Kunya da tsoro suka rufe mini baki.

Yanzu mahaifiyarka ta ga fari-fari a dasashin Ebong, ta ce ranar Asabar za ta kai shi a tono masa. Da na hana, cewa ta yi, "Ke da kika kai taki ta rayu, yau kin zama likita?" Ba ta jin maganar kowa sai taka. Don Allah ka aiko mata da takarda ta hannun direban bas.

Matarka,
Adongo

Dokolo, 13 ga Mayu

Baban Atim,

Ina gaishe ka, da fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru. Na tare bas sau uku, babu takardarka. Na san fushi kake yi, kuma ban ga laifinka ba.

Ranar Juma'a na goya Ebong, na ja hannun Atim, muka taho gidan yayata. Mahaifiyarka ta ce in na fita kada in dawo. Asibitin nan sun ba shi ruwan gishiri da sukari, zawon ya tsaya.

Yau da safe na buɗe bakinsa. Farin nan ya huda dasashi, ɗan haƙori ne mai tsini kamar ƙwayar shinkafa, babu rami, babu tsaga. Ko za ka sake ni, ka fara zuwa ka gan shi.

Matarka har yanzu,
Adongo