Motar da za mu ja a bayan motar ɗaki, da ƙafar Yayana

Assalamu alaikum jama'a. Malam sakatare, a karanta wa 'yan majalisa amma a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutun, shekarata biyu ke nan a makarantar manya.

A shekarar da aka shiga sabon ƙarni na Hijira ni da Yayana muka sayi wata tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, da gado biyu da wurin girki, a hannun wani ɗan kwangila da zai koma ƙasarsu. Sana'armu saran dabino ce a Khaibar, duk kaka sai mu yi wata biyu a can muna kwana a ciki. Matsalarta ba ta shiga lungunan gonaki, sai mu bar ta a bakin titi mu yi ta ɗaukar buhuna a ka. Shi ne bana muka ce a nemi ƙarama da za a riƙa ja a baya.

Mai warsha, wato garejin gyaran mota, na unguwarmu ta Al-Sih ya ce mu nemi wanet, wato a-kori-kura, mai giyar hannu, don otomatik in aka ja ta injin a kashe, mai ba ya zagayawa, giyar sai ta ƙone. Yaya ya ce surutun makanikai ne, ya zaɓi wata otomatik ta Amurka. Ni kuwa na zauna da littafinta kwana uku ina haɗa baƙi, na ga gargaɗin da idona. Da na nuna masa, sai ya ce wato jiya na koyi karatu yau zan koya masa mota, shi da ya goya ni daga Sudan har nan. Haka muka saye ta, muka ɗaura ta a bayan motar ɗaki, muka kama hanya.

Ba mu yi rabin hanya ba ƙauri ya cika ɗakin. Giyar ƙaramar ce ta ƙone, muka bar ta a gefen titi, aka ɗauko ta daga baya.

Yanzu ya sake samo wata, ita ma otomatik. Na ce ba da ni ba, ya ce na raina shi, kwana goma sha biyu ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Shekaranjiya matarsa ta kira ni gefe ta ce ƙafarsa ta hagu ce, tun bara ba ta iya taka kuloci, ya hana ta gaya wa kowa. Ashe wadda za ta jawu ba zai iya tuƙawa ba, wadda zai iya tuƙawa kuma ba ta jawuwa. Mai warsha ya ce sai dai a riƙa kwance farfela duk tafiya, ni ne zan kwanta a ƙarƙashinta a wannan zafin rana.

To jama'a, in sayi wanet in zama direbansa, ya gane na san sirrinsa? In yarda da tasa in riƙa shiga ƙarƙashi ba tare da na ce komai ba? Ko in fito fili in tona wa matarsa asiri? Abin ya ishe ni, ga dabino ba ya jira.

Kawo yanzu mun rasa giya ɗaya, taya biyu, kwana tara na kaka, da dabinon gonaki uku da masu su suka sayar wa wasu.