An Gode Mini Saboda Tafinta

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Ina fata Abban Zainab yana lafiya, kuma ciwon Zainab bai sake tashi ba. Mu nan Tudun Wada lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke ɗan damun ta.

Yaya, binciken sikilar nan ya fito. Shekara uku ina bin gidajen da aka rubuta "ba shiga", inda Farfesa da mazan ɗakin gwajinmu ba su isa su leƙa ba. Ni na lallashi iyaye mata suka bari na ɗebi jinin 'ya'yansu, har na Zainab da kuka zo sallah. Ni na duƙufa a kan na'ura har na gano ƙwayar gadon da ke sa ciwon ya zo wa wasu yaran da sauƙi. Ranar, da bakinsa Farfesa ya ce, "Hauwa, wannan aikinki ne."

Jiya na buɗe mujallar da aka buga binciken. Sunaye bakwai, har da na wanda bai taɓa tsallako gada zuwa unguwanninmu ba. Nawa yana can ƙasa, wai an gode mini "saboda tafinta". Da na sami Farfesa, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Ke yarinya ce, lokacinki na zuwa."

Ki taya ni da addu'a, zuciyata ta ƙi yin sanyi. Ki gaida Abban Zainab. Ita kuwa Zainab kar ki gaya mata. Ranar ɗibar jinin, tana kuka ta miƙo mini hannunta, don na ce mata aikina ne.

Ƙanwarki,
Hauwa